Labarin zuciya a tambayi fuska: Yadda damuwa ke sa "kiyashi" yawo a kumatu

A ƙauyukan Falanko da ke gundumar Tanut, kamar sauran sassan Damargu, akwai wani ƙorafi da ba shi da suna guda. Wani ya ce kiyashi ne ke yawo a kumatunsa. Wata ta ce kamar ana tsira mata allura a gefen baki. Wani kuma ya ce leɓensa ya yi nauyi, ya sage kamar ba nasa ba. Idan aka duba fuskar, ba ƙurji, ba kumburi, ba zazzaɓi. Bayan 'yan mintuna abin ya lafa, gobe ko jibi ya dawo.

Labarin yakan isa birni ta salula. Ɗan da ke kabu-kabu a Damagaram, ko yake leburanci a Agadas, Kano, Tamanraset ko Sabha, sai ya buɗe saƙon murya ya ji cewa inna ba ta jin daɗin fuskarta. Daga nan shawara ta koma wuyansa: jaka nawa zai aiko, kuma ina za a kai ta, wajen malam, wajen mai magani, ko a nemi mota zuwa asibiti?

Masana kiwon lafiya sun daɗe da tabbatar da cewa fargaba da matsin rayuwa na iya haddasa irin wannan yanayi a fuska, kuma mai shi ba ƙarya yake yi ba, ba kuma raki ba ne. Sai dai alamar tana kama da farkon wasu cututtuka masu kisa, musamman shanyewar ɓarin jiki. A yankin da asibiti ke da nisa, kuɗi kuma ke da wuyar samu, rashin bambance biyun na iya cinye tumakin gida a banza, ko ya ci rai.

Ciwon da awo ba ya nunawa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa damuwa a jiki take sauka. Idan ya tsorata sai ya ce gabansa ya faɗi, ko hantar cikinsa ta kaɗa, ko cikinsa ya ɗuri ruwa. Idan ya ji mummunan labari sai ya ce jikinsa ya yi sanyi, ko tsikar jikinsa ta tashi. Amma idan abin ya kai ga neman magani, ba kasafai mutum ke cewa tunani ne ya yi masa yawa ba. Abin da jiki ke ji shi ake kaiwa gaban likita.

Wannan ba sabon abu ba ne a Afirka ta Yamma. A shekarar 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro na Abeokuta, ya wallafa rahoto kan ɗaliban Najeriya da ke kukan zafi a ka da wuya, da jin kamar wani abu na yawo a cikin kai, da kasa riƙe karatu. A 1982 Peter Ebigbo na Enugu ya tsara wani ma'auni na musamman don irin waɗannan alamomi, saboda yawan masu zuwa asibiti da su. A 1987 kuma Roger Makanjuola ya yi nazari kan abin da Yarabawa ke kira ode ori, wato jin wata halitta na yawo a kai da sassan jiki, ya tarar cewa yawancin masu ƙorafin na ɗauke da alamun fargaba da ciwon damuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da larurar fargaba a duniya, kusan mutum huɗu cikin kowane ɗari. Ta ce kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai na masu buƙatar magani ke samun sa.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Idan mutum ya hangi haɗari, ko da a zuciyarsa ne, ƙwaƙwalwa na aika saƙo zuwa wasu ƙananan sassa biyu da ke bisa ƙoda, su saki sinadarin adirenalin. Zuciya ta ƙara gudu, tsokoki su ɗaure, ƙananan hanyoyin jini na fata su tsuke domin a tura jinin zuwa manyan tsokoki. An halicci jiki da wannan shiri ne don gudu ko kare kai. Matsalar ita ce jiki ba ya bambance kura da bashi. Tunanin rumbun da ya kusa ƙarewa na iya tayar da shi kamar yadda ganin maciji zai yi.

Babban abin da ke kawo kiyashin fuska shi ne numfashi. Mai fargaba yakan riƙa numfashi da sauri ko da zurfi fiye da buƙatar jikinsa, sau da yawa bai ma sani ba. Wani ba ya haki, sai dai yawan ajiyar zuciya da hamma. Kowane numfashi yana fitar da iskar kabon daga jini, kuma jiki na buƙatar wani adadi nata domin jini ya zauna daidai. Idan ta ragu sosai, wani kaso na sinadarin kalsiyam da ke yawo a jini sai ya maƙale wa furotin. Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙo kuwa da kalsiyam suke samun natsuwa. Da zarar ya ragu sai su fara harba saƙo ba tare da an taɓa su ba.

Wuraren da aka fi jin abin su ne kewayen baki da kan yatsu, inda jijiyoyin ji suka fi yawa. Fuska na da wata babbar jijiya mai rassa uku a kowane gefe: ɗaya zuwa goshi da ido, ɗaya zuwa kumatu da leɓen sama, ɗaya zuwa haɓa da muƙamuƙi. Ita ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin duk abin da ya taɓa fuska. Idan ta yi harbin banza, ƙwaƙwalwa ta fassara shi da tafiyar kiyashi ko sukar allura. Idan saurin numfashin ya tsananta, yatsun hannu kan ƙage su lanƙwashe, kai ya yi jiri saboda hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa sun ɗan tsuke, har wani ya faɗi.

Akwai kuma cije haƙora. Mai damuwa yakan kwana yana tauna haƙoransa, ko ya wuni muƙamuƙinsa a ɗaure. Tsokokin da suka gaji suna kawo ciwon kai da nauyin fuska.

Daga nan sai abin ya fara ciyar da kansa. Mutum ya ji leɓensa ya sage, ya tuna maƙwabcin da ɓarin jikinsa ya shanye, tsoro ya ƙaru, numfashi ya ƙara sauri, kiyashin ya ƙara yawa. Irin wannan firgici yakan kai ƙololuwa cikin minti goma ko ƙasa da haka, sannan ya fara sauka. A cikin waɗannan mintuna mai shi kan tabbata mutuwa ce ta zo.

Damuwar da ke bin damina

Damargu na arewacin jihar Damagaram, a bakin iyakar da noma ke ƙarewa kiwo ya karɓa. Tun 1961 dokar ƙasar Nijar ta shata iyakar noma ta arewa, kuma yankin na daf da ita. A da ana yi masa kirari da rumbun hatsi, ayarin raƙuma na sauka daga Abzin su yi awo. Yau ruwan shekara kaɗan ne, kuma ba shi da tabbas. Dattawan Tanut, Gangara, Falanko da Belbeji, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, ba su manta farin 1973 da 1974 ba, da yunwar 1984 da ake kira El-Buhari. Matasa kuwa sun ga ta 2005 da ta 2010.

A irin wannan wuri damuwa na da lokacinta. Tana tasowa a bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, farashin tiya ya tashi, rijiya ta yi nisa. Tana ƙaruwa bayan an yi shuka ruwa ya ɗauke, manomi ya wuni yana duban gabas. Makiyayi na da tasa: ciyawa, ruwa, da hanyar da gonaki suka cinye. Rufe iyaka da takunkumin da suka biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 sun ƙara tsadar kaya na tsawon watanni, a yankin da cinikinsa ya dogara da kasuwannin Najeriya.

Nauyin ya fi sauka kan matan da aka bari a gida. Miji ya tafi ci-rani tun bayan kaka, ita ke da yara, ita ke da tsofaffi, ita ke da awaki da ɗiban ruwa. Idan wanda ya tafi ya yi sati uku salularsa ba ta shiga, babu wanda zai gaya mata ko caji ne ya ƙare, ko kama shi aka yi, ko mota ce ta lalace a hamada. Mutanen jihar na tuna watan Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92, yawancinsu mata da yara, a kan hanyar Aljeriya bayan motocinsu sun mutu.

Duk da haka ba a son a faɗa. An ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Haƙuri da kunya da fulako sun hana matar aure ta zauna gaban surukai ta ce ta gaji, sun hana magidanci ya ce tsoro yake ji. Ciwon jiki kuwa ba abin kunya ba ne. Wanda ya ce fuskarsa ta sage za a yi masa sannu, a ɗauke masa aiki, a kira na birni. Ba da gangan ake yi ba, kuma kiyashin gaskiya ne. Jiki ne ya samu ƙofar da baki ya rasa.

Mai aiko kuɗin ma bai tsira ba

Saurayin da ake kira a salula shi ma yana da nasa. Yana kwana ɗaki ɗaya da mutum takwas, ba shi da takardu, yana jin labarin waɗanda aka kwaso daga Aljeriya aka zube kusa da Assamaka. Wani yana cikin ramin zinariya a Jado. Kowane ƙarshen wata gida na jiran saƙon Nita ko Amana, shi kuwa kunya ba ta barinsa ya ce bai samu ba. A shekarar 2002 wani likitan ƙwaƙwalwa a Basalona ta ƙasar Sifaniya, Joseba Achotegui, ya bayyana tarin alamomin da yake gani a jikin baƙin haure: rashin barci, ciwon kai, kasala da zullumi, waɗanda kaɗaici da tsoro da rashin cimma buri ke haifarwa.

A cikin birni kuma akwai abubuwan da ke ƙara wa wutar fetur. Shayin fada mai kauri, zagaye uku, wani lokaci har tsakar dare, da goro, da lemun ƙara kuzari, duk suna ɗauke da sinadarin kafin, wanda ke sa zuciya gudu da hannu rawa, ya kuma kori barci. Rashin barci shi kansa yana ƙara fargaba. Tramol ya fi su illa. Likita kan rubuta miligiram 50 ko 100, amma wanda ke yawo a kasuwa ya kai 225. Wanda jikinsa ya saba, ranar da bai samu ba sai gumi, faɗuwar gaba, rashin natsuwa, da jin abu na yawo a fata. Sai ya ƙara sha don ya ji sauƙi, igiyar ta ƙara ɗaurewa.

Salular da ke hannu ma na da nata rabon. Matashi ya rubuta alamominsa a intanet da ƙarfe biyun dare, amsar farko ta ambaci ciwon daji ko shanyewar jiki, daga nan barci ya ƙaura.

Tsakanin iska da asibiti

A ƙauye, fassarar farko ga abin da ke yawo a jiki ba a ganinsa ita ce iska, ko sammu, ko kambun baka. Idan baki ya karkace, sai a ce aljani ne ya mari mutum. Ana farawa da hayaƙi da rubutu da ruƙiyya, wasu su nufi 'yan bori. Sau da yawa mai fargaba kan ji sauƙi a can, kuma akwai dalili: an zaunar da shi, an saurare shi, an yi masa karatu cikin natsuwa, numfashinsa ya sauka, kiyashin ya tafi. Idan dai dalilin damuwar na nan, abin zai dawo, a sake sayar da akuya.

Ba wannan zamani ne ya fara danganta zuciya da jiki ba. Fiye da shekara dubu da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya yi bayanin tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin larurorin da ake yi wa magani, ya kuma nuna cewa ciwon ɗaya na taɓa ɗayan. Addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne. Haɗarin yana wajen jinkiri, idan abin da ake yi wa hayaƙi ba damuwa ba ce.

Lokacin da ba damuwa ba ce

Kiyashin fargaba yakan kama gefe biyu na fuska, musamman kewayen baki, sau da yawa tare da yatsun hannu biyu. Yakan zo da bugun zuciya, gumi, jin kamar numfashi bai isa ba, kuma yakan lafa idan mutum ya natsu. Ƙarfin jiki na nan, magana na fita daidai.

Shanyewar ɓarin jiki kuwa farat ɗaya take zuwa, kuma gefe ɗaya take kamawa. Akwai gwaji uku da kowa zai iya yi, ko ta kiran bidiyo. A ce mutum ya yi murmushi: shin gefe ɗaya na bakin ya zube? A ce ya ɗaga hannu biyu: shin ɗaya na sauka da kansa? A ce ya maimaita gajeriyar magana: shin harshen ya yi nauyi, ko kalmomin sun rikice? Idan ko ɗaya ya faru, ko aka ga gani ya dushe, ko tafiya ta gagara, ko ciwon kai mai tsanani da bai taɓa ji ba, to babu jira. A nemi mota a lokacin, a kuma riƙe ƙarfe nawa abin ya fara. A asibitocin da ke da kayan aiki, maganin narkar da gudan jinin da ya toshe hanya ana bayar da shi ne cikin awa huɗu da rabi na farko. Ko inda babu shi, isa da wuri na ba da damar daidaita hawan jini da suga, da kare mara lafiya daga abin da ka iya biyo baya.

Kada a ɗura wa irin wannan mara lafiya ruwa, ko rubutu, ko kunu, domin maƙogwaronsa na iya kasa haɗiya, abin ya wuce huhu. Kada a ba shi asfirin ko maganin hawan jinin wani, domin wata shanyewar fashewar jijiya ce, ba toshewa ba. Idan alamomin suka zo suka tafi cikin 'yan mintuna, wannan ma gargaɗi ne, babbar na iya biyowa cikin kwanaki.

Wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki a yankin. Matsin rayuwa ma na cikin jerin. Ke nan ko an tabbatar damuwa ce, ba dalili ba ne na ƙin auna tansiyo.

Akwai kuma karkacewar baki da ake dangantawa da marin aljani. Sau da yawa kumburin jijiyar da ke motsa fuska ne. Rabin fuskar gaba ɗaya ke mutuwa har da goshi, ido ya ƙi rufuwa, amma hannu da ƙafa lafiya lau. Yawancin masu ita na warkewa cikin makonni ko watanni, kuma magani ya fi aiki idan an fara cikin kwana uku. Idon da ba ya rufuwa na buƙatar kariya daga ƙura da bushewa. Bambance ta da shanyewar jiki aikin ma'aikacin lafiya ne, ba na 'yan gida ba.

Wasu larurorin ma na kawo sagewa ko sukar allura: ciwon suga, faɗuwar suga ga wanda ya wuni bai ci ba, ƙarancin bitamin B12, ƙarancin kalsiyam, ciwon haƙori, ciwon ɓarin kai, da man shafawa mai ƙarfi irin na sauya launin fata. Tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi na iya zama farkon kuturta, wadda ake warkarwa da magani kyauta. Leɓe ko harshe da ya kumbura bayan cin wani abu ko shan magani na buƙatar gaggawa. Mai ciki ko mai jego da ta ji ciwon kai, dishi-dishin gani ko kumburin fuska, a kai ta likita nan take. Duk wanda abin ya fara zo masa, musamman idan ya haura shekara arba'in, ya kamata a duba shi kafin a ce damuwa ce.

Idan abin ya taso

Idan ma'aikacin lafiya ya duba ya ce ba wata cuta, matakin farko shi ne mutum ya san abin da ke faruwa da shi. Sanin cewa numfashi ne ke kawo kiyashin, kuma zai wuce, yana rage rabin tsoron.

A zauna, a sassauta kafaɗa da muƙamuƙi, a ɗora hannu a ciki. A ja numfashi a hankali ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake shi a hankali ana ƙirga shida, a yi ta yi na wasu mintuna. Abin da ake so shi ne numfashi ya ragu, ba ya ƙaru ba, don haka cewa mutum ya yi ta jan dogon numfashi na iya ƙara dagula lamarin. Tsohuwar dabarar numfashi cikin leda ko jaka likitoci sun daina ba da shawararta, domin idan ciwon zuciya ne ko asma tana iya yin kisa. Na kusa da shi su rage taro da kururuwa, mutum ɗaya ya zauna ya riƙa yi masa magana a hankali.

Bayan haka sai a duba rayuwar yau da kullum: a rage shayin dare, a nemi barci, a ci abinci kan lokaci, a motsa jiki. A guji sayen diyazefam da makamantansa a hannun masu tallar magani, domin suna kwantar da hankali na ɗan lokaci, jiki ya saba, ranar da aka daina fargabar ta dawo ninki biyu. Idan abin ya ɗauki makonni yana hana aiki ko barci, ko mutum ya fara jin rayuwa ta ishe shi, to ya wuce na gida. Akwai magani ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, akwai kuma ƙwayoyin da likita ke rubutawa ya riƙa bibiya.

Ina ƙwararrun suke?

Ga mutumin Falanko, matakin farko shi ne ɗakin shan magani na ƙauye ko cibiyar CSI, inda majo zai auna jini. Daga nan sai asibitin gunduma a Tanut, sai kuma babban asibitin ƙasa na Damagaram, mai nisan kusan kilomita 150 daga Tanut, inda ake da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ga wanda ƙauyensa ke nesa da kwalta, wannan tafiya ce ta amalanke da babur da mota, da kuɗin kwana. Ga kuma tsoron kada a ce an kai wane asibitin mahaukata.

Ƙarancin ma'aikata matsala ce ta nahiyar baki ɗaya. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nuna cewa a Afirka ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ba su kai biyu ba ga kowane mutum dubu ɗari, alhali matsakaicin duniya 13 ne. Shi ya sa tun 2008 hukumar ta ɓullo da shirin mhGAP, wanda ke koyar da malaman jinya da ƙananan likitoci gano damuwa da kula da ita a ƙananan cibiyoyi. A 2016 ta fitar da wani tsari na zama biyar da wanda ba likita ba zai iya jagoranta bayan horo.

A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya fara wani shiri a Harare a 2006, inda aka horar da tsofaffin mata su zauna kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu fama da abin da 'yan ƙabilar Shona ke kira kufungisisa, wato yawan tunani. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa waɗanda suka zauna da kakannin sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Damargu ba ta rasa tsofaffi masu riƙe sirri ba, ba ta rasa ungozoma da limamai da ma'aikatan lafiya na ƙauye ba. Horon ne ya rage, da sanin lokacin da za a ce wannan ya fi ƙarfinmu, a tafi asibiti.

Kafin a aika kuɗi

Ga na birni da na ƙetare, 'yan tambayoyi a salula na iya raba gardama. Gefe ɗaya ne ko biyu? Farat ɗaya ya zo? Bakin ya karkace? Hannu na ɗaguwa? Magana na fita? Yaushe rabon a auna jini? Idan amsoshin sun nuna haɗari, kuɗin mota ne kan gaba da komai, ba a jira wayewar gari.

Idan kuwa an duba an ce lafiya lau, kada a ce ai ba komai ba ne, a kashe waya. A tambayi inna ko tana barci, me ya rage a rumbu, wa ke taya ta aiki, me ke cinta a rai. A sa ranar da za a riƙa kira, domin rashin jin labari na cikin abin da ke hana ta barci. Shi ma mai kiran, idan wata rana ya ji nasa leɓen ya sage a kan babur ko a bakin rami, ya je a auna shi, sannan ya nemi wanda ya amince da shi ya faɗa masa abin da ke ransa.